YADDA SHIBKA TAKE KARE KANTA DAGA CUTA DA TSUTSA

Ƴan'uwa manoma na Matameye, da Kance, da Dungu, da Kurni, da Tsauni, da Yawuri, da Ɗan Barto: Ku da kuka yi yaƙi da jahilci kuka iya karatu, wannan takarda taku ce. Ku karanta a hankali, sa'annan ku karanta wa maƙwabta da iyali.

Kowane manomi ya taɓa ganin wannan abu. Gona ɗaya, ruwa ɗaya, taki ɗaya. Cuta ta zo ta kama wani gindi, ta bar na kusa da shi lafiya lau. Ko kuwa maƙwabta biyu su yi shibka rana ɗaya, gonar wannan ta ƙone, ta wancan ta tsira. Mene ne dalili? Kome daga Allah yake. Amma Allah ya ajiye sababi cikin kowane abu, kuma masana sun gano wani sashe na wannan sababi. Shibka ba ta da ido, ba ta da ƙafar gudu, amma tana gane maƙiyi, tana yin kururuwa cikin jikinta, tana kuma yin faɗa. Manomin da ya san haka zai san yadda zai taimake ta.

ABIN DA YA FARU A 1975

Dattawanmu ba su manta ba. A da, ƙasar Matameye da Magariya ita ce ƙasar gujiya, wato gyaɗa. Kamfanin SONARA, wanda gwamnati ta kafa a 1962, shi ke sayenta. A Matameye kanta akwai masana'antar matsar mai. Da kuɗin gujiya ake biyan haraji, ake yin aure, ake sayen tufafin salla.

Sai fari ya zo, ya yi tsanani a 1973. Mutane ba su gama farfaɗowa ba, sai a damanar 1975 kuturtar gujiya ta auka wa gonaki. Ganye ya murɗe, ya yi rawaya, gindi ya tsugune wuri ɗaya. In ka tuge, babu ƴaƴa. A arewacin Najeriya kaɗai cutar ta lalata wajen hekta 700,000 a wannan shekara. A Nijar ma ta yi ɓarna mai yawa. Tun daga nan noman gujiya ya ja baya, manoma da yawa suka koma ga wake. Yau Nijar tana sahun gaba a duniya wajen noman wake, Najeriya ce kaɗai ke gabanta.

Darɓa ce ta kawo cutar, waɗannan ƙananan baƙaƙen ƙwari da ke manne wa ɗanyen ganye suna tsotso. Mu riƙe wannan labari. Za mu komo gare shi in mun ga yadda shibka ke tsaron kanta.

ƊAKUNAN GANYE DA MASU GADI

In aka sa ganye ƙarƙashin madubin likita mai ƙara girman abu, sai a ga ashe an gina shi da ƙananan ɗakuna, jere kamar saƙar zuma. Saiwa ma haka, kara ma haka. Kowane ɗaki yana da bango. A bayan ganye kuma akwai ƙananan ƙofofi, waɗanda shibka ke shaƙar iska da su. Suna buɗewa, suna rufewa.

Masu kawo cuta iri-iri ne. Akwai ƙwayoyin cuta da ake kira bakteriya. Akwai dangin fumfuna, kamar mai kawo burtuntuna ga dawa. Akwai wani mai kama da fumfuna, shi ke kawo kuturtar hatsi. Akwai birus, wanda ya fi su duka ƙanƙanta. Ban da su ga tsutsa, ga darɓa, ga gaugai, wanda wasu ke kira ƙuduji.

Jikin mutum yana da sojoji cikin jini, masu yawo suna neman cuta. Shibka ba ta da jini. Saboda haka kowane ɗaki shi ke tsaron kansa. A jikin fatar kowane ɗaki akwai masu gadi da yawa. Kowane mai gadi abu ɗaya ya sani, kamar yadda kwaɗo ke sanin makullinsa. In wannan abu ya taɓa shi, sai ya ba da labari cikin ɗaki. In wani abu dabam ne, ko motsi ba ya yi.

MENE NE FEFTID?

Yawancin abin da masu gadin nan ke ganewa ƙanana ne ƙwarai. Da yawa daga cikinsu sunansu feftid. Ga yadda za mu gane shi.

Kun ji malaman likita suna cewa a ba yara wake da ƙwai da nono, don akwai abinci mai gina jiki a ciki. Wannan abu mai gina jiki shi ake kira furotin. Duk mai rai, mutum ko dabba ko tsiro ko ƙwayar cuta, da furotin aka gina shi. Furotin kuwa kamar carbi yake, ƙwaya bayan ƙwaya a zare ɗaya. Ƙwayoyin iri 20 ne, amma yadda aka jera su shi ke bambanta wannan furotin da wancan. Wani yana da ƙwaya 300, wani fiye da 1,000.

To, in aka tsinke carbin aka sami ɗan guntu mai ƙwaya 10 ko 20 ko 30, shi ne feftid. Ku da kuka koyi baƙaƙe kun san wannan. Baƙaƙe kaɗan ne, amma in an jera su daidai sai su zama kalma, mai karatu ya gane. Feftid kalma ce gajera. Mai gadin da ke jikin ɗaki shi ne mai karanta ta.

Masana sun gano kalmomin nan suna fitowa ta hanya uku.

HANYA TA FARKO: ALAMAR MAƘIYI

Bakteriya da yawa suna da wutsiya siririya wadda suke iyo da ita cikin ruwa. A 1999, a birnin Bazel na ƙasar Suwis, wani masani mai suna Thomas Boller da abokan aikinsa suka gano cewa tsiro yana gane guntun wannan wutsiya. Guntun yana da ƙwaya 22. Suka ɗiga shi a kan tsiro ba tare da bakteriyar ba, sai tsiron ya tashi da shirin faɗa kamar cutar ta zo da gaske. Da shekara ta kewayo, a 2000, suka gano mai gadin da ke gane shi.

Dubi hikimar da ke ciki. Bakteriya tana bukatar wutsiyarta don ta isa ƙofar ganye. Ba ta iya jefar da ita cikin sauƙi. Shi ya sa mai gadi ɗaya ya isa gane bakteriya iri-iri.

HANYA TA BIYU: KUKAN SHIBKA DA KANTA

A 1972, a jihar Washinton ta Amurka, wani malamin jami'a mai suna Clarence Ryan ya lura da wani abu a jikin tumatir da dankalin turawa. In ƙwaro ya ci ganye ɗaya, bayan kwana ɗaya ko biyu sai sauran ganyaye, waɗanda ba a taɓa ba, su cika da wani abu mai hana cikin ƙwaro narka abinci. Wane ne ya gaya wa sauran ganyayen?

Ya yi shekara 19 yana neman amsa. A 1991 shi da abokan aikinsa suka fitar da wani feftid mai ƙwaya 18 daga ganyen tumatir, suka sa masa suna sistemin. Shi ne feftid na farko da aka gano yana aikin saƙo cikin tsiro. Daga baya aka ƙara gane yadda abin yake. Sistemin yana ta da kururuwa a kusa da rauni. Kururuwar ta sa ɗakuna su yi wani sinadari da ake kira jasmonat, shi kuma ya kai labari ga ganyayen nesa.

A 2006 kuma ɗakin binciken Ryan ya gano wani mai ƙwaya 23, aka kira shi Pep1. Danginsa suna cikin tsirrai masu yawa, har da masara. A 2019 masana a birnin Gent na ƙasar Beljik suka nuna yadda yake fita. Shibka tana ajiye shi cikin ɗaki, manne da wani dogon furotin. Muddin ɗaki yana lafiya, yana nan ɗaure. Da zarar an huda ɗakin, sai wani almakashi na cikin ɗaki ya yanke shi, cikin ƙasa da minti ɗaya. Sai ya bazu ga ɗakunan da ke kewaye, masu gadinsu su ji, su shirya. Wato ɗakin da ya mutu ya bar wa maƙwabta gargaɗi.

HANYA TA UKU: ABIN DA AKA GANO A JIKIN WAKE

Wannan ya fi shafarmu, don a jikin wakenmu aka gano shi, irin wanda muke shibkawa tsakanin hatsi.

Kun san tsutsar masara, wadda aka fara gani a Afirka a 2016, ta bazu har ta iso gare mu. Asalinta daga nahiyar Amurka ne. A 2006, tun ba ta ƙetaro ba, wani masani mai suna Eric Schmelz a jihar Fulorida ya ba ta ganyen wake ta ci. Ga abin da ya gani. In tsutsa ta haɗiye ganye, cikinta yana farfasa furotin ɗin ganyen. Daga ciki sai wani guntu mai ƙwaya 11 ya fita. In ta sake cizo, guntun ya biyo yawunta ya taɓa raunin. Wake yana da mai gadin da ya san wannan guntu. Aka sa wa guntun suna inseftin.

Ku lura da kyau. Guntun nan naman waken ne da kansa. Amma ba ya fitowa sai ya ratsa cikin tsutsa. Saboda haka in wake ya ji shi, ya tabbata ba iska ba ce ta yaga ganye, ba kuma hauya ba ce. Mai ci ne yake kansa. Sai ya ƙara ƙarfin tsaro fiye da yadda zai yi don rauni kawai.

A 2020 masana a Kalifoniya suka gano mai gadin da kansa cikin wake. Suka ɗauke shi suka sa wa taba, wadda a da ba ta jin inseftin. Sai taba ta fara ji, tsutsar da ta ci ta kuma ba ta yi girma kamar da ba.

IN KURURUWA TA TASHI, ME SHIBKA KE YI?

Aikin yana bin juna, daga mintoci zuwa kwanaki.

Na ɗaya, labari ya ruga. A 2018 masana suka ɗauki hotonsa yana tafiya daga ganyen da aka ciza zuwa sauran, wajen milimita 1 kowace daƙiƙa. Cikin minti ɗaya ko biyu ƙaramin tsiro duk ya ji.

Na biyu, ɗaki ya fesa wani ruwa mai ƙuna, dangin wanda ake zuba wa miki a likita ya yi kumfa. Yana cutar da ƙwayar cuta, yana kuma ƙara ta da maƙwabta.

Na uku, ƙofofin iska su rufe, don bakteriya ta nan take shiga.

Na huɗu, ɗaki ya yi yaɓe. Ya ƙara kaurin bango daidai wurin da fumfuna ke son hudawa.

Na biyar, shibka ta dafa magungunanta. Wasu suna kashe fumfuna. Wasu suna hana tsutsa narka abinci, ta ci ta ci ba ta ƙiba. Irin wannan abu yana cikin ɗanyen ƙwayar wake, shi ya sa ba a cin wake sai an dafa shi ya nuna.

Na shida, ta kira taimako. Ganyen da tsutsa ke ci yana fitar da wani ƙamshi. A 1990 aka nuna cewa ƙananan zanzaro masu yin ƙwai a jikin tsutsa suna bin wannan ƙamshi na masara har su sami tsutsar.

Na bakwai, in abin ya yi tsanani, ɗakunan da ke kewaye da cutar su kashe kansu. Kun ga yadda ake yi in gobara ta tashi a gari. Ana rushe dangar kara da rufin ciyawa na kusa, don wuta ta rasa abin ci. Haka shibka ke yi. Cutar da ke bukatar ɗaki mai rai sai ta rasa abinci, ta tsaya nan. Abin da manomi zai gani shi ne ɗan ɗigo busasshe a ganye, wanda ba ya ƙaruwa.

Bayan wannan, sauran jikin shibka yana zama cikin shiri na kwanaki, wani lokaci har makonni. In wata cuta ta zo a lokacin, ta tarar da gida a farke.

Wani zai ce, to don me shibka ba ta zama cikin shirin faɗa kullum? Don faɗa yana cin abinci. A ɗakin bincike, in aka yi ta ba ƙaramin tsiro feftid ba hutawa, sai ya daina girma, saiwarsa ta gajarce. Garin da kowa ya kwana gadi, wa zai fita noma da safe? Shi ya sa shibka ke jira sai ta ji tabbataccen labari.

TO DON ME CUTA KE CIN NASARA?

Don maƙiyi ma yana da dabara.

Mu koma ga darɓa ta 1975. Tsutsa tana yaga ganye, ɗakuna da yawa su fashe, kururuwa ta yi ƙarfi. Darɓa kuwa bakinta kamar allura yake, ya fi gashi siriri. Tana zura shi a hankali tsakanin ɗakuna har ya kai jijiyar da ruwan abinci ke bi. Rauni kaɗan ne. Cikin yawunta kuma akwai abubuwan da ke kwantar da masu gadi. Birus ɗin kuturta ya biyo yawun, ya sami kansa cikin jijiya, ya bazu ko'ina. Irin gujiyar da aka fi nomawa a lokacin ba shi da ƙarfin tsayar da shi. Gonaki kuma kusan duk iri ɗaya ne. Abin da ya ka da ɗaya, ya ka da duka.

Tsutsa ma tana da nata wayo. A Amurka akwai wata tsutsa da ta saba cin dangin wake. An gano cikinta yana gutsure ƙwaya ɗaya daga ƙarshen inseftin. Kalmar ta lalace, mai gadi bai iya karanta ta ba.

Wani dalilin kuma yana hannunmu. Shibkar da yunwa da ƙishirwa suka gajiyar ba ta da abin da za ta kashe wajen faɗa. Wadda aka cika wa takin zamani na ure kuma tana yin ganye mai taushi da ruwa-ruwa, irin wanda darɓa ke so.

MASU GADI GADO NE

Ga babban darasi. Masu gadin nan ana gadonsu cikin iri, kamar yadda ɗa ke gado kamannin uba. Wani iri yana da mai gadin da wani ba shi da shi. Ga misali uku, duka daga Afirka.

Shinkafar daji ta Mali. An ɗebo wata shinkafar daji daga ƙasar Mali, aka ga cutar bakteriya mai ƙona ganyen shinkafa ba ta kama ta. Cibiyar binciken shinkafa ta ƙasar Filifin ta haɗa ta da shinkafar noma. A 1995 wata masaniya mai suna Pamela Ronald a Kalifoniya ta gano mai gadin, sunansa Xa21. A 2015 aka gano feftid ɗin bakteriyar da yake ganewa. Ciyawar da ba a kula da ita ba ta amfani manoman Asiya.

Wake da gaugai. Gaugan wake dabam yake da na hatsi, kuma yana yi mana ɓarna a ƙasa mai rairayi da ta gaji. An sami wani waken gargajiya a ƙasar Botsuwana, aka ba shi lamba B301. In gaugai ya manne wa saiwarsa, ɗakunan wurin su kashe kansu, gaugan ya bushe tun bai fito ba. Masanan cibiyar IITA da ke aiki a Kano sun haɗa shi da wasu irin wake. Ta irin wannan aiki aka sami wake mai jure gaugai kamar IT97K-499-35, wanda ake nomawa a Nijar da Najeriya. Amma a garin Zakpota na ƙasar Benin an sami wani gaugai da ke cin B301. A 2020 aka gano yana zuba wa saiwa wani ɗan furotin da ke toshe kururuwa. Wannan ya nuna faɗan ba ya ƙarewa, kuma iri ɗaya ba ya isa ko'ina.

Gujiya. A 1952 kuturta ta auka wa gonakin gwaji a Senegal. Sai aka ga wasu irin gargajiya, daga kan iyakar Burkina Faso da Kodibuwa, sun tsaya lafiya. Daga gare su aka fara fitar da iri masu jurewa. Matsalarsu ita ce suna daɗewa kafin su nuna, damanarmu kuwa gajera ce. Sai daga baya masanan Samaru ta Zariya da na ICRISAT suka fitar da masu saurin nuna, kamar SAMNUT 24 da aka saki a Najeriya a 2011.

A ƙasarmu, cibiyar INRAN, wadda aka kafa a 1975, da tashar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai, su ke wannan aiki. Yawancin abin da suke aiki da shi daga rumbun manoma ya fito. Saboda haka irin kaka da kakanni ba abin zubarwa ba ne.

ABIN DA MANOMI ZAI YI

1. Nemi iri mai jurewa. Tambayi malamin gona wane irin wake, ko gujiya, ko hatsi ya dace da ƙasarku. Gwada shi a ɗan yanki tukuna. Kada ka zubar da irinka na gado, kada kuma ka cika gona da iri ɗaya tak.

2. Zaɓi iri tun a gona. Gindin da ya tsaya lafiya a tsakiyar masu cuta, sa masa alama, ka ajiye nasa dabam.

3. Shibka gujiya da wuri, kuma kusa-kusa. Darɓa ta fi sauka inda take hangen ƙasa tsakanin gindi da gindi. In ganye ya rufe ƙasa kafin ta yi yawa, ɓarna ta ragu. Cutar ba ta bin ƙwayar iri, darɓa ce ke ɗaukarta.

4. Da rani, tuge gujiyar da ta tsiro da kanta a garka da bakin korama. Nan darɓa da cuta ke iya fakewa su jira damana.

5. Kuturtar hatsi tana kwana cikin ƙasa shekaru, tana kama hatsi tun yana jariri. Gauraya iri da maganin iri kafin shibka, bisa yadda malamin gona ya nuna. Rufe hanci, wanke hannu, kada yara su taɓa, kada a ci ragowar irin. Cikin watan farko, duk gindin da ka ga ganyensa ya yi fari-fari da gari a bayansa, tuge shi ka ƙone.

6. Tuge gaugai kafin ya yi fure. Gindi ɗaya yana zubar da ƴaƴa dubbai, kuma suna iya yin fiye da shekara 10 cikin ƙasa.

7. Rage yi wa shibka rauni, don rauni ƙofa ce. Kada ka ratsa wake ko tumatir da raɓa a jikinsu, hannu da riga suna ɗaukar bakteriya. Masu rake da rogo a fadamun Dungu da sauran koramu, ku yanki iri daga gindi mai lafiya, ku wanke adda da ruwan jabel tsakanin gona da gona.

8. A garka, ba da ruwa a gindi da safe. Ganyen da ya kwana a jiƙe shi fumfuna ke so.

9. Ciyar da ƙasa. Kai takin dabbobi, bar gawo ya girma a gona. Takin zamani kuwa a sa shi daidai awo.

10. Kada ka kashe abokan shibka. Tun 2006 masanan INRAN na Maraɗi suke kai wa garuruwa ƙananan buhuna masu ɗauke da ɗan zanzaron da ke kashe murzuna a kan zangarniyar hatsi. Feshi barkatai yana kashe shi tare da danginsa. Duba gona tukuna, tambayi malami, sa'annan ka yi feshi in ya zama dole.

11. Yi hankali da maganin kasuwa. In wani ya nuna maka kwalba ba takarda, ya ce tana ƙara wa shibka ƙarfi, kada ka ba da kuɗinka. Yanzu ka iya karatu. Duba takardar, ka nuna wa malamin gona ya gaya maka ko kwamitin ƙasashen Sahel mai tantance magungunan gona ya yarda da shi.

SABABBIN KALMOMI

Furotin: abin da ke gina jikin mai rai, jere kamar carbi.
Feftid: gajeren guntun furotin. Wasu suna aikin saƙo.
Bakteriya: ƙwayar cuta mai rai, ido ba ya ganinta.
Birus: ƙwayar cuta da ta fi bakteriya ƙanƙanta, ba ta yaɗuwa sai cikin ɗakin mai rai.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

In kun taru wajen sauraron rediyo, ku tattauna waɗannan. Wane irin wake ne a garinku gaugai bai cika kamawa ba? Wa ke da shi har yanzu? Dattawan da suka ga 1975, gonar wa ta tsira, kuma yaushe ya yi shibka? Ku rubuta amsa da hannunku, ku ba malamin gona, ko ku aiko mana. Abin da kuka gani a gonakinku yana da amfani ga masu bincike, don su ba sa kwana a gonar, ku ke kwana.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Shibka tana yin nata ƙoƙari dare da rana. Namu shi ne mu ba ta iri nagari, da ƙasa mai ƙarfi, da gona mai tsabta. Allah ya kare mana amfanin gona, ya ba mu damana mai albarka. Amin.